Baƙin Kaka

'Yan uwana mata, akwai tambayar da nake son in yi muku, don Allah kowace ta amsa wa kanta. Ina shamuwa take tafiya idan damina ta wuce? Dukkanmu mun san zuwanta. Da an gan ta a kan kukar bayan gari ko tsamiyar ƙofar gida, sai tsofaffi su ce to a fito da iri, ruwa ya kusa. Babu mai jifarta, babu mai taɓa ƙwanta. Amma ranar tafiyarta ba mai lura, mun shiga hidimar kaka, ana yankan gero ana ɗaurin dami, sai dai wata rana ki ɗaga kai ki ga sheƙa wayam.

To kudu take yi. Ruwan sama take bi har gabashi da kudancin Afirka, inda damina take kankama daidai lokacin da tamu take ƙarewa, don fara da ƙwari su ne abincinta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tana fita wasu baƙin suna shigowa, sai ka ce gidan haya.

Waɗannan baƙin daga arewa suke zuwa, can ƙasashen Turai har da Rasha. Idan sanyi ya doso musu, ruwa ya kusa daskarewa, ƙwari suka ɓace, sai su ɗauko hanya. Akwai agwagin ruwa, akwai ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a cikin taɓo, akwai kuma wani jinsi na tsattsewa. Ke 'yar uwa, wannan tsattsewar nauyinta bai wuce giram 20 ba, wato kamar ɗunƙulen magi biyar a tafin hannunki, amma ita ce take tsallake Bahar Rum, ta tsallake hamadar Sahara, inda raƙumi ma sai da shiri. Wasu ƙananan kafin su taso sai su yi ta ci har nauyinsu ya kusa ninkawa, kitsen jikinsu shi ne guzurinsu. Ikon Allah ke nan.

Su kansu Turawan sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu suke zuwa ba, har akwai masu cewa wai tsattsewa a ƙarƙashin taɓo take kwana sai sanyi ya wuce. A shekarar 1822 aka harbo wata babbar farar shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka a soke a wuyanta. Da shi ta yi duk wannan tafiyar, baiwar Allah! Har yau tana ajiye a jami'ar garin Rostok. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta a Danmak ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, don duk inda aka tsince su a san daga ina suka fito.

Masaukinsu kuwa ba shi da nisa da mu. Fadamar nan ce da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa su zama tafkuna. Na je tafkin Dagona wata shekara cikin watan Nuwamba, lokacin da na kai wa gwaggona ziyara a Gashuwa, ɗanta ne ya matsa sai na je na gani. Mun isa da sassafe, hunturu ya fara busawa. Wallahi ban taɓa zaton akwai tsuntsaye masu yawa haka a wuri ɗaya ba. Ga namu na gida, kirinjijiya suna ta fito, ga ɗinya, ga zalɓe a tsaye kamar an dasa shi, ga kuma baƙin sun rufe ruwa, idan suka tashi gaba ɗaya sai ki ji ƙara kamar iskar hadari. Wurin yana cikin gandun daji na ƙasa na Tafkin Chadi, kuma mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filib, ya zo har nan a 1989 don kallon waɗannan tsuntsaye.

A nan na ga masu ƙirga. Mutum ne da madubin hangen nesa a wuya da ɗan littafi a hannu. Na ce Malam, yaya ake ƙirga abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya? Ya yi dariya ya ce Hajiya, ai kamar awon hatsi ne, ba ƙwaya-ƙwaya ake bi ba. Sai ya ƙirga goma ko ɗari, ya riƙe girmansu a ido, sannan ya auna sauran garken da wannan mudun. Ya rubuta rana, da wuri, da jinsi, da yawan ruwa. Babban ƙirgen a watan Janairu ake yin sa a ƙasashe da yawa lokaci guda, tun 1967 aka fara. Amfaninsa sai an jera na shekara da shekaru, a nan ake gane ko baƙin suna raguwa.

Kuma dalilin damuwa yana nan. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, duka a kan ruwan da ke gangarawa Haɗeja. Ambaliyar da take cika fadama kowace damina ta ragu, ruwan kuma ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, abin da ciyawar kacalla take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan baki masu yi wa manoma ɓarna. Ba zan zagi madatsa ba, don ruwan famfon Kano da tumatirin Kadawa da muke miya da shi daga can suke. Amma ni a ganina bai kamata mai zaune a saman kogi ya manta da na ƙasa ba, tunda busasshen kifin da uwargida take saya da shinkafar Haɗeja daga fadamar nan suke fitowa. Ruwan da agwagwar Turai take nema shi ne masunci yake nema, shi ne Bafulatani yake kawo shanunsa dominsa da rani. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin fadamun duniya da ake karewa, Dagona da Baturiya suka bi baya a 2008, sai dai suna a takarda ba ya cire kacalla.

Tun dawowata na ware littafi ɗan shafi arba'in, daban da wanda nake rubuta labaraina. Ina rubuta ranar da na fara ganin shamuwa da ranar da na daina ganinta, da ranar da shirwa ta dawo shawagi a kan tsakar gida tana neman 'yan tsakina. Yarana suna taya ni, kuma tun da suka ji labarin mai mashi a wuya ƙaramin ya rage yawo da danƙo. Mace ba ta buƙatar madubin hangen nesa don wannan, wadda take shanya da tankaɗe a tsakar gida ta fi kowa ganin sama. Idan yaronki ya tsinci tsuntsu mai zobe, ki kwafe lamba da rubutun da ke jiki, da rana da wuri, a kai wa ma'aikatan gandun daji.

Wadda kuma Allah ya ba ta hali, maigida ya yarda, Baturiya ta fi kusa da mutanen Kano, tana gaba da Haɗeja a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma. A je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, a yi sammako, a riƙa wa yara rigar sanyi, don iskar bakin ruwa ba irin ta cikin gari ba ce.