Kyamarar Seydou Keïta

Duk inda masu ɗaukar hoto suka taru, da wuya a watse ba a yi gardama a kan kayan aiki ba. Wannan ya ce sirrin hoto yana ga kyamara, wancan ya ce a'a, gilashin da ke bakinta ne, shi ne idonta. Rayuwar Seydou Keïta, mutumin Bamako ta ƙasar Mali, tana da abin cewa a wannan gardama.

Keïta ɗan kafinta ne, kuma sana'ar da ya fara koya ke nan. A shekarar 1935 wani kawunsa ya dawo daga Senegal da 'yar ƙaramar kyamara ƙirar Kodak Brownie, ta zama tasa. Da ita ya yi ta ɓata fim har hannunsa ya faɗa. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a gidansu da ke unguwar Bamako-Coura.

Kyamarar da ya yi suna da ita babba ce, irin wadda ake ɗorawa a kan ƙafafu uku, sai dai tana da naƙasa. Ɗan ƙyauren da ke buɗewa haske ya shiga ya lalace. Saboda haka da hannu yake cire murfin gilashin, ya auna lokaci a zuci, ya mayar. In ya yi gaggawa hoto ya yi duhu, in ya yi nawa haske ya cinye shi. Ga fim da tsada, don haka galibi sau ɗaya tak yake ɗaukar mutum. Hausawa dai sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Abin da kyamarar ta gaza, shi ya cike da basira. Ya fi son hasken rana na tsakar gida a kan fitila. Labulensa na farko ma zanen gadonsa ne. Yakan ba mutum aron agogo ko rediyo ko babur, ya gyara masa zama, ya karkata kafaɗa, ya shimfiɗa hannu yadda zobe zai fito. Babu kamfanin da ke sayar da wannan a cikin kwali.

Amma kada mai karatu ya yi saurin yanke cewa kayan aiki ba kome ba ne. Fim ɗin wannan kyamara faffaɗa ne, santimita 13 da 18, ya fi tafin hannu. Irin wannan faɗi yana kama abin da ƙaramin fim ke zubarwa: zaren saƙa, layin kitso, adon wuyan riga. A zamaninsa ƙananan hotuna yake wanke wa jama'a, daidai girman fim ɗin, ba a ga amfanin wannan sosai ba. Ya shiga aikin gwamnati a 1962, daga baya ya rufe wurin, fina-finan kuwa ya adana su.

A 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin New York ba tare da sunansa ba. Wani Bafaranshe, André Magnin, ya bi sawu har Bamako ya same shi. Da aka faɗaɗa hotunan suka cika bango a Faris a 1994, sai ga zanen atamfar matan Bamako ya fito ɗaya bayan ɗaya, bai dushe ba. Da da Brownie ɗin nan ta farko ya ɗauke su, da ba su jure wannan faɗaɗawa ba. Keïta ya rasu a Faris a 2001.