Agogo Mai Nuna Hanya

Kakana bai taɓa ɗaura agogo ba har ya bar duniya. In yana gona, inuwarsa ce ke gaya masa rana ta take tsaka; in kuwa tafiyar dare ce, sama yake duba, ya san gabas da yamma, ya san lokacin da Gamzaki zai ɓullo. Ni kuwa jikansa, bayan duk shekarun da na yi ina zaman aji, sai ga ni na ɓace a cikin duwatsu da rana sake, alhali ina ɗaure da agogon da aka ce mini yana jin maganar taurarin ɗan'adam. Labarin wannan agogo da wanda na saya bayansa nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, domin na ga irinsa ya fara yawa a hannun mutane cikin jami'a, kuma ina zaton da yawa sun sayi nasu ne kamar yadda na sayi nawa na farko.

Asalin maganar dai ba ado ba ne. A ƙarshen daminar 2023, ina tsakiyar rubuta kundin digirina na biyu, ciwon kai ya matsa mini, na tafi asibiti. Likita ta ɗaura mini abin awo a dantse, ta duba, ta sake dubawa, sa'an nan ta ɗago kai ta ce, "Malam, akwai mai hawan jini a gidanku?" Na ce mata mahaifina, ga shi can shekara shida yana kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ta ce nawa ya kai 158 bisa 98, alhali kuwa daga 140 bisa 90 ake cewa jini ya hau. Sai da na koma sau uku ana samun abu ɗaya, kana ta rubuta mini magani, ta ce in rage gishiri, in kuma riƙa tafiya da sauri aƙalla minti 150 a kowane mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya take ba manya shawara.

To, ni mutum ne wanda in bai ga lissafin abu a rubuce ba, ba ya daɗewa a kansa. Saboda haka na yanke shawarar sayen agogon nan da ke ƙirga taku da nisan tafiya. Na shiga wata kasuwar wayoyi, wani saurayi ya ɗauko mini wani cikin kwali mai ƙyalli. Ya ce, "Yallaɓai, wannan asibiti ne guda. Yana awon jini, yana awon sukari, yana ƙirga bugun zuciya, ga GPS, ko a daji kake ba ka ɓata." Kuɗinsa bai wuce na abincina na mako ɗaya ba. Na san Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma da na ga fuskarsa na walƙiya kamar ta waya, sai na biya, ban tambayi kome ba. Cinikin biri a sama ke nan.

Wata biyu na yi ina murna da shi. Kullum da safe in na taɓa shi sai ya nuna mini 120 bisa 80, ko abin da ya yi kusa da haka. Ganin haka sai na fara wasa da magani, yau in sha, gobe in manta, jibi in ce ai agogo ya ce lafiya lau.

A watan Janairu na 2024 mu biyar muka tafi Jos don mu hau tsaunukan Shere da ke gabas da garin, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800 daga bakin teku. Hunturu ne sosai. Muka hau lafiya, muka yi ta ɗaukar hoto har batirin wayata ya ƙare. Wajen la'asar muka juyo, sai hazo ya yi kauri, kowane dutse ya koma kamar ɗan'uwansa. Abokan tafiya suka ce, "Ina mai agogo? Fito da mu." Na taɓa wurin taswira, sai agogo ya rubuta mini cewa in haɗa shi da waya. Ashe ba shi da abin jin taurarin a cikinsa, aron na waya yake yi. Ɗaya daga cikinmu wayarsa na da sauran caji, amma babu sabis, kuma bai sauke taswirar wurin ba tun daga gida, don haka abin da muka gani kawai shi ne ɗan ɗigo a tsakiyar farin fili. Ruwanmu ya ƙare, wani ya gurɗe a ƙafa, sanyi kuma ya fara sauka. Mun kusa awa biyu muna zagaye kafin muka ji kukan shanu, muka bi, muka iske wani dattijo makiyayi. Na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah ina hanyar gari?" Ya yi murmushi ya ce, "Samari, ai baya kuka ba ta. Ba ku ga inda rana ke shirin faɗuwa ba? Can gari yake." Shi ya sa mu gaba har muka hangi mota.

Da na dawo makaranta na ba abokin ɗakina labari, sai ya karɓi agogon, ya ɗaura shi a ƙafar gado, ya taɓa. Ba a jima ba agogo ya ce zuciyar gado na bugawa sau 74 a minti, jininsa kuma 118 bisa 79. Shi yana ta dariya, ni kuwa gabana ya faɗi. Washegari na koma asibiti, aka sami 162 bisa 100. Likita ta ce, "Malam, ka ga abin da ya kwantar da Baba. Kada ka ƙara barin magani don maganar wani abin wasa." Wannan rana na fi jin tsoro a kan ranar da muka ɓace.

Daga nan ne na yi abin da ya kamata in yi tun farko, watau na zauna na karanta yadda abin yake aiki. Sojojin Amurka ne suka kafa tsarin GPS. Sun harba tauraron farko a 1978, aikin ya kammala a 1995 da taurari 24, suna shawagi a nisan kilomita wajen 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaye duniya sau biyu a yini. Kowane tauraro yana ta watsa saƙo cewa ga inda nake, ga kuma ƙarfe nawa. Agogon hannu saurare kawai yake yi, ba ya aika kome sama. Yana auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ya mai da shi nisa. Da yake saƙon da saurin haske yake tafiya, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana jawo kuskuren mita 300, shi ya sa sai ya ji taurari huɗu aƙalla, uku don gano wuri, na huɗu don gyara lokaci. Har zuwa watan Mayu na 2000 da gangan ake gurɓata saƙon da farar hula ke samu. Da aka daina, kuskuren ya sauko daga wajen mita 100 zuwa 'yan mitoci. Rasha da Tarayyar Turai da Sin su ma sun kafa nasu, watau GLONASS da Galileo da BeiDou, kuma agogon da ke jin fiye da ɗaya ya fi saurin gano wuri a tsakanin duwatsu ko dogayen gine-gine. Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne gane cewa duk wannan ba ya bukatar sabis ko data. Da agogona na gaske ne, da ya yi aiki a Shere.

Sai na rubuta tambayoyi shida a takarda, na ce ba zan ƙara fitar da kuɗi ba sai agogo ya amsa su.

Ta farko, yana da abin jin taurari na kansa? Gwajin ba wuya. A kashe waya, a fita fili, a sa shi ya fara ƙirga tafiya. In ya nemi waya, a mayar wa mai shi.

Ta biyu, awa nawa batirinsa yake yi? A nan lamba biyu ce, ta zaman yau da kullum da ta lokacin da yake sauraren taurari, kuma ta biyun ita ce ke fid da mutum daga daji. Tun da agogon Apple ya fito a 2015, shekara da shekaru awa 18 kamfanin ya riƙa faɗa, domin irinsa ƙaramar waya ce a hannu, mai kira da saƙo. Agogunan 'yan guje-guje da masu hawan dutse kuwa, irin na Garmin da Suunto da Polar, da yawansu suna yin mako ɗaya ko biyu, su kuma yi awa 20 ko fiye suna bin sawu. Kowanne da aikinsa. Amma ɗalibin da ke ɗakin da ake iya kwana biyu ba wuta, ya san wanda ya dace da shi.

Ta uku, ana ganin fuskarsa a rana, kuma yana da maɓallai? Akwai fuska mai haska kanta kamar ta waya, kyakkyawa ce amma tana shan batir. Akwai kuma mai duhu-duhu wadda ke aron hasken rana, gwargwadon ƙarfin rana gwargwadon fitowar rubutunta. A ƙasar da rana ba ta yi mana rowa, ta biyun na zaɓa. Maɓallai kuwa, wanda ya taɓa shafa gilashi da yatsa mai gumi ya san amfaninsu.

Ta huɗu, zai iya mai da ni inda na fito? Ba lalle sai mai cikakkiyar taswira ba, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin ɗalibi. Ya isa a ce yana zana layin hanyar da ka bi, in ka juyo ya nuna maka kibiya ka bi sawunka. Wannan kaɗai muka rasa a Shere.

Ta biyar, me yake cewa ya sani game da jikina? Bugun zuciya yana auna shi da koren haske da yake haskawa cikin fata, domin jini yana shanye koren haske, to, da ƙaruwa da raguwar abin da ya dawo yake ƙirga. In maɗaurin ya yi sako-sako, ko hannu ya yi sanyi, sai lissafi ya rikice. Baƙar fata kuma ita ma tana shan hasken, don haka mu sai mun ƙara kula mu ɗaura shi daidai, sama kaɗan da ƙashin wuyan hannu. Sukari kuwa, a watan Fabrairu na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi mutane kada su dogara da agogo ko zoben da ya ce yana auna shi ba tare da huda fata ba. Awon jini ma, 'yan kaɗan da ke yinsa, wasu sai an daidaita su da na'urar dantse kowane mako huɗu, wasu kuma maɗaurinsu ne ke hura iska. Na gane cewa agogon da ya yi alkawarin kome da kome a kan kuɗi kaɗan, shi ne abin gudu.

Ta shida, wa ke ganin inda na bi? Agogo ba ya aika saƙo sama, amma manhajar waya da ake haɗa shi da ita tana iya baza hanyarka ga duniya. A farkon 2018 aka gano cewa taswirar da kamfanin Strava ya wallafa ta hanyoyin masu motsa jiki ta fito da siffar wasu sansanonin soja, saboda sojojin suna gudu da agogunansu. A halin da muke ciki na satar mutane, ba hikima ba ce kowa ya san daga wace ƙofa kake fita kullum ƙarfe shida na safe. Tun ranar farko na rufe nawa.

Sai da na yi wata uku ina tari, kana na sami na hannu, na roba, fuskarsa toka-toka, ba ya kira, ba ya kiɗa. Ba zan faɗi sunan kamfaninsa ba, kada a ce talla na zo yi a mujallarmu. Kafin in biya na roƙi mai shi muka je filin guje-guje, na zagaya sau biyar a layin ciki, wanda kowane zagaye mita 400 ne. Agogo ya nuna kilomita biyu da 'yan mitoci. Na kuma dafa jijiyar wuyana na ƙirga na rabin minti, na ninka biyu, muka tashi kusan ɗaya da shi. Sa'an nan na biya.

Abu guda na canza a cikinsa. Ya zo yana neman taku 10,000 a yini, lambar da asalinta sunan wani abin ƙirga taku ne da aka fara sayarwa a Japan a 1965, ba umurnin likita ba. Ni minti 150 aka ce mini, don haka minti nake ƙirgawa. Ran Juma'a da dare nakan duba, in saura minti 40, na san Asabar da asuba sai na fita. Iyakar aikinsa a kaina ke nan, yana hana ni yi wa kaina ƙarya. Jinina ya sauko, amma na'urar dantse ce ta faɗa, kuma ban ƙara tsallake magani ba.

A Disamba ta 2024 muka koma Shere. Kafin mu bar mota na danna maɓalli, agogo ya riƙe wurin. Amma duk inda muka yi kwana sai in tsaya in waiwaya, in dubi siffar dutsen da na bari a baya, in dubi inda rana take, kamar yadda dattijon nan ya nuna mana, kamar kuma yadda kakana zai yi. Da muka juyo, kibiyar agogo da idona suka nuna hanya ɗaya.

Na farkon kuwa yana nan cikin akwatina, ban jefar ba. In wani ya zo ɗakinmu yana neman shawarar wanda zai saya, nakan ɗauko shi in ɗaura wa ƙafar gado, mu jira. Har yau gadon lafiyarsa lau.