Ziyara Bakin Tekun Amurka: Ƙaguwar Da Ke Shiga Halwa

A cikin watan Yuli na shekarar 2023 Allah ya nufe ni da ziyartar ƙanwata da maigidanta, waɗanda ke zaune a Jihar Maryland ta ƙasar Amurka, ba nisa da birnin Washington. Kwanana goma da sauka sai maigidan ya ce ba shi yiwuwa in zo ƙasar in koma ban ga teku ba. Saboda haka ran wata Asabar, bayan mun yi sallar Asuba, muka ɗunguma cikin mota, da ni da su da 'yarsu mai shekara takwas, muka tasam ma wani gari da ake kira Ocean City. Ita yarinyar nan sunan mahaifiyarmu ta ci, don haka ba na iya kama sunanta, sai dai in ce Uwata.

Tafiyar kimanin mil 150 ce, watau sa'a uku in hanya ta yi kyau. Abin da ya fara kaɗa mini hantar ciki shi ne gadar Chesapeake, wadda aka buɗe a 1952, aka kuma yi mata ta biyu a 1973. Tsawonta ya haura mil huɗu, ga ta can sama, in ka leƙa ba ka ganin kome sai ruwa. Ni da na ɗauka gadar Jebba ita ce ƙarshen gada, sai na kama bakina ina ta salati har muka ƙetare.

Shi garin Ocean City a kan wani siririn tsibiri na rairayi yake, Tekun Atlantika na gabas da shi. A 1933 wata gawurtacciyar guguwa ta datse ƙarshensa na kudu, ta raba shi da Assateague, inda dawaki ke yawo sakaka. Mazaunan garin na dindindin ba su cika 7,000 ba bisa ƙidayar 2020, amma a ƙarshen mako lokacin zafi baƙi sukan haura 300,000. Abin alfaharinsu kuwa shi ne wata doguwar hanya ta katako da ta bi gaɓar teku kusan mil uku, wadda aka fara shimfiɗawa tun 1902. Gefenta kantuna ne reras, masu soya dankalin Turawa da masu alewa da masu riguna, har da wani lilo na dawakan katako da ke juyawa tun 1912. Game da irin shigar masu wanka kuwa, sai dai mutum ya sunkuyar da kai ya wuce.

To, a ƙofar ɗaya daga cikin kantunan nan ne Uwata ta ja ni da hannu ta ce, "Kawu, zo ka ga katantanwa mai tafiya!" Na duba sai ga wani babban keji na waya cike da katantanwa, an shafe su da fenti ja da shuɗi da rawaya. Can sai na ga ƙafafu sun fito daga cikin wata, ga idanu biyu kan 'yan tsinkaye, ga wani ƙaton hannu mai launin shuni. Ashe ƙaguwa ce. Ta bambanta da irin ta rafukanmu, domin gabanta ne kaɗai ke da sulke, bayanta laushi gare shi, a naɗe kamar wutsiya. Don haka takan nemi gidan da dodon koɗi ya mutu ya bari, ta cusa bayanta ciki, duk inda za ta tana jan abinta. Sunan da Turawa suka ba ta ma'anarsa ƙaguwa mai halwa, ko da yake a can garinsu, watau tsibiran Karibiyan da kewayensu, cikin taro take rayuwa. Kusan duk waɗanda ake sayarwa daga can aka kamo su, gama ƙwansu sai an zuba shi cikin teku yake ƙyanƙyashewa, kuma 'ya'yan sai sun yi makonni a ruwan gishiri kafin su hau tudu.

Ka san kawu da 'yar ƙanwa. Na zaro 'yan daloli na saya mata guda biyu, haɗe da ɗan keji da tsakuwa da soso. Mai kantin ya ce ba su da wata wahala, a riƙa jiƙa soson kawai. Ba a yi mako biyu da komowarmu gida ba ɗaya ta mutu.

Allah ya taimake mu da wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarsu, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ta kuma shekara da shekaru tana kiwon irin ƙaguwar nan. Uwata Kaka take kiranta. Da ta ga kejin sai ta girgiza kai. Ta bayyana mana cewa ƙaguwar nan ko da yake a tudu take, da irin abin numfashin kifi take shaƙar iska, kuma dole ya zauna da danshi. Busasshiyar iskar na'urar sanyaya ɗaki a hankali take shaƙe ta. Ta ba mu akwatin gilashi mai murfi, ta ce danshin iskar ciki ya tsaya tsakanin kashi 70 da 80 cikin ɗari, zafi kuma tsakanin digiri 24 da 29 a ma'aunin Selsiyas. Ta sa muka cuɗa rairayi da dakakken zaren ɓawon kwakwa, muka jiƙa shi daidai yadda in ka dunƙula zai tsaya, muka zuba zurfin inci shida. Sa'an nan aka ajiye kwano biyu, ɗaya na ruwan daɗi ɗaya na ruwan gishirin teku, dukkansu an cire musu maganin da ake zuba wa ruwan famfo. Na ce a raina, lalle wannan baƙuwa ta fi ni samun masauki.

Kwana kaɗan bayan haka sai halinta ya sake. Ta kama ci kamar wadda aka yi wa albishir da yunwa, ta daɗe zaune cikin kwanon ruwa, jikinta ya yi toka-toka, idanunta suka dushe. Wata safiya muka tashi babu ita babu alamarta, sai ɗan gurbi a kan rairayi. Aka kwana uku, aka kwana bakwai, aka kwana goma, shiru. Uwata ta daina cin abincin kirki, kullum tana tsugune gaban gilashi.

Ni dai na riga na yanke hukunci. Na ce mata, "Uwata, ki yi haƙuri, ta bi 'yar'uwarta. Kawo cokali mu tono ta mu binne a bayan gida tun ba ta yi wari ba." Ta kawo cokalin tana hawaye, amma ta ce, "Kawu, don Allah ka bari in kira Kaka tukuna." Ban taɓa ganin tsohuwa ta yi sauri irin na ran nan ba. Ta shigo tana haki, ta karɓe cokalin daga hannuna, ta ce da na tona da na kashe ta.

Jama'a, ashe saɓa take yi, kamar yadda maciji ke yi, sai dai tata ta fi haɗari nesa. Sulken ƙaguwa ba ya girma tare da ita, saboda haka in jiki ya cika shi dole ta tuɓe shi gaba ɗaya. Yawan ci da shan nan da muka gani guzuri take tarawa. Sai ta haƙa rami ta yi ɗan ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, domin tana bukatar duhu da kaɗaici kafin aikin ya kankama. A can tsohon sulke yake tsagewa ta zare jikinta, ta kwanta tiɓis, ba ta iya ko ɗaga ƙafa. Daga nan sai ta cinye tsohon sulken nan sarai, gama sinadarin da ke cikinsa shi ne zai ƙarfafa sabon. In da ma ta rasa ƙafa wajen faɗa, a lokacin nan ne wata ke tsirowa. Ƙanana sukan gama cikin 'yan makonni, su kuma maimaita sau da yawa a shekara. Manya kuwa sukan yi wata biyu ko uku a ƙasa, amma sai bayan shekara guda ko ɗaya da rabi suke komawa.

Na tambaye ta, to yaya mutum zai bambance mai saɓa da matacciya? Ta ce hanci ne alƙali, matacciya warin ruɓaɓɓen kifi take yi, ba ya ɓoyuwa. Ta ƙara da cewa mutane da yawa sukan ga tsohon sulke yashe a bakin katantanwa su zaci gawa ce su zubar, alhali mai shi tana can ƙurya da ranta. In kuwa ta yi saɓar a sarari don rashin zurfin ƙasa, sai a kife ta da wani abu a raba ta da sauran, don 'yan'uwanta na iya cinye ta tana cikin wannan hali.

Aikin mai kiwo a kwanakin nan kaɗan ne, amma riƙe shi sai mai haƙuri. Ya kula da danshi da zafi, ya sake ruwa, ya ajiye ɗan abinci. Kada ya ɗaga akwatin ko ya girgiza shi, don kada ɗakin ya rufta mata. Kada ya kwarara ruwa kan rairayi, don kada ya nutsar da ita. Ya kuma tanadi katantanwa uku ko huɗu marasa fenti, waɗanda suka ɗan fi tata girma, domin in ta fito mai yiwuwa tsohon gida ya yi mata kaɗan. Mu da muka tashi muka tarar ana nuna ƙauna ga majiyyaci da yawan dubiya da taɓa goshi, ga wata jiyya wadda duk alherinta shi ne ka janye hannunka. Kullum da safe sai in ga Uwata ta haɗa hannuwanta a baya kafin ta leƙa gilashin, wai don kada su yi mata gardama.

Ƙarshen watan Agusta na komo gida ba tare da na sake ganin ƙaguwar ba. Ana tsakiyar Satumba, wajen ƙarfe ɗaya na rana, sai ga waya. Uwata ce, ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Kawu, ta fito! Ta fito!" Mako shida ke nan cif. Ta ce launinta ya yi tas kamar an wanke, kuma a daren nan ta yar da katantanwar fentin ta shiga wata sabuwa.

Irin ƙaguwar nan a garinsu tana iya shekara 30, har ma an sami wata Ba'amurkiya da ta sayi tata a 1976 ta rayu a hannunta sama da shekara 40. Amma galibin waɗanda ake sayarwa a bakin hanyar katakon nan ba sa ganin zagayowar shekara, don ana ɗaukarsu tsarabar yara ne kamar balan-balan. Malamanmu sun sha karanta mana labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Ni ne na sayi biyun nan ba tare da na tambayi abin da rayuwarsu ke bukata ba, kuma alhakin ta farkon yana wuyana. Duk wanda Allah ya kai shi Ocean City, ya sha iskar teku, ya ci dankalinsa, amma in yaro ya ja shi zuwa ga kejin nan, ya tsaya ya yi tunani kafin ya sa hannu a aljihu. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da ke ƙarƙashinmu, amin.