Ranar da basfa ta sha fetur ziryan

Basfa babur ce mai ƙananan ƙafafu, injinta kuma a ɓoye yake a gefen dama. A ƙasar Italiya aka fara ƙera ta, a shekara ta 1946, a kamfanin Piaggio. Yanzu baburan Sin sun cika Tasawa da Mayahi, basfa ta yi ƙaranci. Tawa tsohuwa ce, gadonta na yi daga babana. Da ita nake zuwa aiki a makarantar horon malamai, da ita nake kai wa iyalina hatsi.

Yara, ga abin da ya kamata ku sani game da irin wannan inji. Mota tana da wurin fetur dabam, wurin baƙin mai dabam. Tsohuwar basfa ba haka take ba. A tanki ɗaya ake haɗa mata su. Cikin kashi 100 na fetur ana sa kashi 2 na man inji. Ke nan lita 5 tana son santilita 10. Ku lissafa: lita 3 fa, nawa take so?

Wannan ɗan mai shi ke sa fistan ya yi ta kai da kawowa cikin santsi. In babu shi, ƙarfe yana gugar ƙarfe. Fistan ya yi zafi, ya kumbura, ya maƙale.

Ɗan yayata yana zaune wurina yana karatu. Yaro ne mai son taɓa ƙarfe. Wata Alhamis ina makaranta, ya ga rairayi a tankin basfa. Ya tsiyaye man, ya wanke tanki fes. Ya ɗauki kuɗin da ya tara, ya sayo fetur na kwalba a bakin hanya, ya zuba. Baƙin mai kuwa bai san da zancensa ba. Bai faɗa mini ba, don so yake in ji daɗin tafiya in tambayi wanda ya yi aikin.

Ran Asabar na kama hanyar Mayahi, zan kai wa innata magani. Kafin Kanambakashe na ji inji ya canja murya, ya koma wani siririn kuka. Sai ƙafar baya ta ƙame, ta ja ƙasa. Na damƙe kulaci. Allah ya sa rairayi ne, ban faɗi ba.

Tura basfa cikin rairayi aikin ƙarfi ne, domin ƙafafunta nutsewa suke. Na tura har rigata ta jiƙe. Wani dattijo mai amalanken shanu ya tsaya. Ya ce: «Malam, dokin naka ya gaji?» Muka ɗora ta bisa kara, muka ɗaure da igiyar kaba. Ya ƙi karɓar ko dala. Maganin kuwa, wani ɗan kabu-kabu na ba ya kai, ya isa kafin magariba.

Da bakanike ya buɗe inji a Tasawa, ya shinshina tanki, ya girgiza kai. Fistan ya karce, zobbansa sun manne. Kayan basfa ba su samuwa a nan yanzu. Sai da aka aika Maraɗi, daga can aka aika Kano. Sati 3 ina zuwa aiki a ƙasa. Nakan tashi da asuba, jakar littattafai a kafaɗa, don kada ɗalibai su riga ni shiga aji. Kuɗin gyara ya ci buhun hatsin da na yi niyyar saye a watan nan.

Yaron ya daina cin tuwo tare da ni. Ran nan da dare ya zo ya durƙusa. Ya ce: «Kawu, ni ne.» Na ce: «Na sani. Tankin ya wanku ƙwarai, bakanike ma ya yaba. Gobe ka bi ni.»

Na kai shi wurin gyara. Shi ya riƙe fitila, shi ya miƙa sifana. Bakanike ya ba shi tsohon fistan ya taɓa karcen da yatsa, ya nuna masa gwangwanin awon mai. Ya ce sabon fistan ba ya son gudu, sai a bi shi sannu har ya saba da wurinsa.

Shi ya sa kwanakin nan masu keke ke wuce ni a hanya. Tsohon fistan yana bisa teburina a aji, da shi nake koyar da yadda zafi ke kumbura ƙarfe.