Wasiƙa daga Wudil: Baitin Ƙarshe

Wudil,
Asabar da hantsi.

Assalamu alaikum, Malam aminina.

Yaya jikin Hajiya Babba? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai hazo da ya sauko mana tun farkon mako, har da safe ba a ganin tsallaken kogi. Jiya na so in rubuto maka, amma ka san Juma'a a Wudil. Motocin shanu sun cika Kara, gada ta cushe, ga baƙi a zaure tun daga sakkowa daga masallaci har magariba.

Saƙonka ya iso. Ka ce kana haɗa kundin sunayen marubuta waƙoƙin Hausa na ƙasar Kano da abin da kowa ya wallafa, in aiko maka da nawa: sunan littafi, shekara, maɗaba'a da yawan shafi. Wallahi na yi murna da wannan aiki, Allah ya ba ka ikon kammalawa. Sai dai da na zauna zan cika takardar, layi ɗaya kawai na iya cikawa. Littafi guda gare ni, ɗan siriri, wanda na biya kuɗin bugunsa da kaina, kwafi 500. Sauran waƙoƙin shekara talatin suna cikin adaka, wasu da boko, wasu da ajami, wasu kuma an rera su a rediyo sau ɗaya iska ta tafi da su. In ka bi tsarin takardarka, ni mawaƙin littafi ɗaya ne. Wannan bai dame ni don kaina ba kamar yadda ya dame ni don waɗanda ba su da ko layi ɗayan.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni da damina. Wani ɗalibi ya yi sallama da ni, yaro mai ladabi, ya ce yana rubuta kundin digiri a kan waƙoƙin ambaliya. Ya buɗe jakarsa ya nuna mini waƙoƙin da ya tattara. Ina dubawa sai ga tawa, ƙwar biyar, wadda na yi shekarar da ruwa ya cinye gonakin bakin kogi. A ƙarƙashinta an rubuta: ba a san mawallafi ba. Na ce masa, ɗana, ga mawallafin a gabanka yana zaune a kan buzu. Yaron ya rikice, ya yi ta ba ni haƙuri, alhali ba laifinsa ba ne. Da muka ƙirga, baiti 31 ne a hannunsa, tawa kuwa 33 ce. Wanda ya kwafa tun farko ya ga baitoci biyun ƙarshe ba su ambaci ruwa ba, sai ya yar da su. A nan kuwa sunana yake, da garinmu, da ramzi.

Wannan baitin ƙarshe shi ne abin da nake so ka riƙe da kyau. Tun kafin a kawo injin ɗab'i ƙasar nan, malamanmu suna da hanyarsu ta ajiye tarihin rubutu. Mai waƙa zai yi tammat, ya gode wa Allah, ya faɗi sunansa ko na mahaifinsa, wani lokaci har da yawan baitocin don kada a rage ko a ƙara, sannan ya ɗaure shekarar Hijira cikin kalma guda ta lissafin haruffa, wato ramzi. Ka lura da yadda ramzin tsofaffin waƙoƙi yakan fara da shinun? Domin a lissafinmu na Magaribawa shinun ne dubu. Ka ga ashe kowace waƙa tana tafe da takardar haihuwarta a goye. Da irin wannan aka gane shekarun waƙoƙin Nana Asma'u da yawa. Duk wanda ya yanke wutsiyar waƙa ya mai da ita marainiya.

Ka kuma tambaye ni ko har yanzu ina jin zafin sharhin nan da aka yi wa littafina. Gaskiya na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba. Malamin ya rubuta cewa karin waƙata ta uku ya karye a baiti na bakwai, kuma ɗalibai suka yi ta kwafar maganarsa daga kundi zuwa kundi. Da ya ji an rera ta, da bai faɗi haka ba. Mai buga rubutun ne ya tsallake gaɓa ɗaya. Ban da haka, boko ba ya nuna dogon wasali da gajere, karin waƙarmu kuwa a kan nauyin gaɓa ya dogara. Wanda ya auna waƙa da ido kaɗai, dole wata rana ya ga karaya inda babu. Ba banza aka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsakaninsa da ƙofar gidana bai kai tafiyar awa guda a mota ba.

Amma kada ka ɗauka ina gaba da masu nazari. Ina! Sa'adu Zungur ya rasu a 1958, kuma littafin da Ɗandatti Abdulƙadir ya fitar a kansa a 1974 ya taimaka ƙwarai wajen sa ɗalibai su san mutumin da ke bayan waƙar Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Fasaha Aƙiliya da muke tinƙaho da shi, Ɗalhatu Muhammad ne ya tsaya ya tsara waƙoƙin Alhaji Aƙilu Aliyu har suka zama littafi. Ni kaina sai da na karanta Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo sannan na iya kiran sunan abubuwan da na daɗe ina yi da ka: jigo, warwararsa, zubi da tsari, salon sarrafa harshe. Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988, har bangonsa ya rabu a hannuna saboda yawan buɗawa. Mai feɗe waƙa na gari kamar mahaucin kirki ne, ya san inda gaɓa take, ba ya sara a kan ƙashi.

Abin da na ƙi yarda da shi kawai shi ne a ce sunan mawaƙi daga jami'a yake farawa. Malam Aliyu Namangi makaho ne, kuma waƙarsa Imfiraji ta zaga ƙasar Hausa a bakin almajirai da makafi masu bara tun kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ko a kasuwarmu ta nan na sha jin ana rera ta, mata na miƙa sadaka, ba wanda ya tambayi maɗaba'a. Ka tuna kuma da 'yan Hikima Kulob na Alhaji Mudi Sipikin, da yawansu ta rediyo aka san su. Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu sun daɗe suna rubutu kafin Beverly Mack ta tattara waƙoƙinsu a Alƙalami a Hannun Mata. Mata nawa ne irinsu a cikin gidajen Gaya da Garko da Sumaila waɗanda ba wanda ya yi musu sallama?

Haka aka yi da littattafan soyayya. An sa musu suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta kai ruwa rana a jaridu kan ko adabi ne ko ba adabi ba. Ana cikin gardamar, Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka zauna suka jera sunayen waɗanda aka buga daga 1987 zuwa 2002, aka wallafa a Jamus a 2004. Yau mai neman tarihin wannan zamani wurinsu zai fara zuwa. Na gode musu, amma ina jin kishi, shi ya sa nake son naka ya fito daga nan gida, ya kuma fi faɗi.

To ga roƙona. Ka ƙara gurabu a takardarka: inda aka ji waƙar, wanda asalin rubutun yake hannunsa, boko ne ko ajami, yawan baitoci, da ramzi in akwai. In mai ita yana raye, a sa shi ya rera a ɗauka a waya, kafin a buga ko harafi ɗaya. Kuma wanda ba shi da littafi kada a bar shi a waje.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, ya haura tamanin, yana da gafaka biyu cike da waƙoƙin wa'azi na mahaifinsa. Gara ta fara taɓa gefen ɗaya, na gani da idona, har ta ci rabin wani tammat. Ya yarda a kwafa, amma ya ce ba za su kwana a waje ba. Ka yi ƙoƙari ka zo kafin azumi, ka zaɓi ranar da ba ta kasuwa ba don mu samu natsuwa. Uwargida ta ce in faɗa maka za ta tanadi kifi.

Na sa kwafin waƙar ambaliyar a cikin ambulan ɗin nan, cikakkiya, baiti 33. Ka gaishe mini da Hajiya Babba da yara duka.

Wassalam,
Amininka na Wudil.