Nazare: Garin Da Ake Ɗaukar Hoton Teku In Ta Fusata

Masu karatu, wannan karon mun bar Kano da Kaduna, sai ƙasar Fotugal. A can akwai wani ƙaramin garin masunta, Nazare, kimanin kilomita 120 arewa da Lisbon. Da hunturun Turai ya kama, daga Oktoba zuwa Maris, sai ka ga masu kyamara na tururuwa garin daga ko'ina, kai ka ce wani babban fim za a ɗauka. To amma jarumin wannan fim ɗin ba ya jin "kot" ɗin darakta, domin teku ce da kanta.

Sirrin wurin yana ƙarƙashin ruwa. Akwai wani makeken kwazazzabo da zurfinsa ya kai mita 5,000 a wasu wurare, wanda ya taho har dab da gaɓa. Idan guguwa ta tashi can cikin Tekun Atlantika, igiyar da ta bi ta kwazazzabon takan yi gudu, wadda ta bi ta wuri marar zurfi kuma ta rage sauri. Inda suka haɗu, sai ruwa ya miƙe tsaye kamar bene. A Oktoban 2020 wani Bajamushe, Sebastian Steudtner, ya hau igiya mai tsayin mita 26.21 a kan ɗan allonsa. Misalin bene mai hawa takwas ke nan fa!

Masu hoto kan tsaya ne a kan dutse, kusa da wata tsohuwar ganuwa mai jar hasumiyar fitila. Hoton da ya fi shahara shi ne wanda za ka ga igiya kamar za ta haɗiye hasumiyar da 'yan kallo. Dabara ce ta kyamara: a ja can baya, a sa dogon gilashi mai janyo nesa kusa, sai tazarar ta ɓace. Kuma gwanaye ba ranar da guguwa ta iso gari suke so ba, don ranar ruwa ya hargitse, feshin gishiri ya rufe gilashi. Sun fi son guguwar ta tsaya nesa, ta aiko da igiyoyinta, iska kuma ta taso daga tudu.

Sai dai fa ba wasa ba ne. Babur ɗin ruwa ke jan ɗan wasa ya saka shi a igiya, wani kuma na kan dutse da oba-oba yana faɗa wa direba inda ya faɗi. A 2013 saura ƙiris Maya Gabeira 'yar Birazil ta nutse, amma ta dawo ta kafa tarihin mata a 2020. A Janairun 2023 kuwa ɗan ƙasarta Marcio Freire ya rasa ransa a wurin. Tun kafin zuwan kyamara ma, wannan tekun ta sha mayar da matan masuntan garin zawarawa.

Wanda ke son gani da idonsa ya nemi shirin "100 Foot Wave" na HBO, wanda Chris Smith ya ba da umarni, aka fara nunawa a 2021, ya kuma ci kyautar Emmy ta iya ɗaukar hoto. Masu riƙe kyamara a industirinmu, ku kalla da idon basira: mutanen nan kan yi makonni cikin sanyi suna jiran shot ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi. Mai haƙuri dai shi kan dafa dutse. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.