Kwat Ɗin Ɗalibin Tofa

Duk wanda ya tashi a Fagge ya san ƙarar keken ɗinki tun kafin ya san hannunsa na dama. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, tela ne, kuma a shagonsa na yi wayo, ina ɗinka maɓalli ina hura gawayin dutsen guga. Daga ƙofar shagon zuwa Sabon Gari tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa, saboda haka ba baƙon abu ba ne Ibo ko Bayarabe ya kawo mana ɗinki. Amma mutumin da zan ba mai karatu labarinsa Bahaushe ne tsantsa, Hausarsa ma ta fi tamu ta 'yan birni tsarki.

A shekarar 1981 ya fara zuwa, da wata tsohuwar kwat ta gwanjo a cikin leda, yana so a rage masa. Da Baba ya tambaye shi daga ina, sai ya ce shi ɗan Maguzawa ne, Kirista, yana karatu a makarantar Baibul ta Tofa, nan yamma da birni, kuma idan ya gama za a tura shi ƙauye ya riƙe majami'a. Ni dai na saki baki, domin a iya sanina a lokacin, Bahaushe da Musulmi abu guda ne.

Baba ya juya kwat ɗin ciki da bai, ya ce, "Malam, wannan ta sha jiki, ko an rage ta ba za ta kai ka damina biyu ba. Bari in yanka maka sabuwa."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai kuɗin yadin ma ba ni da shi."

Baba ya ce, "In ka samu ka kawo." Ya jawo littafin bashi ya rubuta.

Daga nan ya zama duk sa'ad da ya shigo gari sayen littafi a Sabon Gari, ko ya rako mara lafiya asibitin ido na mishan, wanda aka buɗe tun 1943, sai ya biyo ta shagonmu. A bakinsa na ji yadda karatun nasu yake. Da matarsa da 'ya'yansa ya tare a makarantar, yana noma ɗan fili don abin sawa a baki, da Hausa ake koya musu, matan kuma suna da nasu ajin. Wani ɓangare na kuɗin littattafai da na malamai daga coci-cocin Amurka da Kanada yake zuwa, daga hannun mutanen da ba su taɓa ganin Tofa ba. Saura kuwa ikilisiyarsu ta ƙauye ce ke tarawa, wannan kwanon dawa, wancan kaza.

Abin ya tsaya mini a rai. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Baba, yaya za mu taimaki mutumin da ke koyon yadda zai yi wa'azin da ba namu ba?" Wasu maƙwabta ma sun yi wannan gunaguni. Baba bai ɗaga kai daga keke ba, ya ce, "Ko na ɗinka ko ban ɗinka ba, wa'azin nan zai yi shi. Yaron da bai gama koyo ba ya buɗe shago, yadin mutum ɗaya zai ɓata. Wanda bai gama karatu ba ya hau mumbari, kai ka san iyakar abin da zai ɓata? Gara maƙwabcinka ya san littafinsa."

Sai daga baya, da karatu ya ɗan ja ni, na san dogon tarihin da ke bayan wannan ɗalibi. A 1893 waɗansu mutum uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shigowa ƙasar nan, kafin shekara ta zagayo biyu sun mutu, Bingham kaɗai ya rage, shi ne ya raya ƙungiyar SIM. A 1900 Bishop Tugwell na cocin Ingila ya iso Kano tare da Likita Miller, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, daga bisani Miller ya zauna a Zariya. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. To, 'yan mishan sun gane da wuri cewa Bature ba zai iya zama a kowane ƙauye ba, tilas sai da ɗan ƙasa, shi ya sa suka dage kan makarantun horar da masu bishara da fastoci, irin su Kagoro da Igbaja da Tofa. Da aka kafa ECWA a 1954, sannu a hankali ragamar ta koma hannun 'yan ƙasa. Sauran coci-cocin Arewa suka haɗa kai suka fara kwalejin tauhidi a 1959, wadda take Bukuru, ECWA kuma ta buɗe babbar makarantarta a Jos a 1980. Har ila yau akwai Byang Kato, mutumin Kwoi, wanda ya yi digirin dakta a Amurka, ya yi ta kiran Kiristocin Afirka su gina manyan makarantunsu da kansu. Ruwa ya ci shi a gaɓar Mombasa a 1975, bayansa aka buɗe irin makarantun da ya nema a Bangui da Nairobi.

Maganar Baba kuwa ba ta daɗe ba ta zo gwaji. A watan Oktoba na 1982 rikici ya tashi a kan sake ginin cocin Angilika da ke nan Fagge kusa da masallaci, aka ƙona coci-coci a gari. Ina jin ihu na zabura zan bi sa'o'ina, Baba ya tare ƙofa, ya zube mini tulin riguna ya ce ba inda za ni sai na gama maɓallansu. Ranar na yi ɗinki ina huci.

Bayan kamar mako uku sai ga mutuminmu, ya rame. Ashe da labarin ya kai ƙauyensu, samarin majami'a sun ɗauko sanduna za su far wa 'yan tireda Musulmi da ke bakin kasuwa. Shi da bai ko gama makaranta ba, dattawa suka tura masa su. Ya ce tun magariba yake buɗe musu littafi wuri-wuri yana nuna musu inda aka hana ramuwa, har asuba, wasu suna ce masa matsoraci, ɗan amshin shatan Hausawan birni. Da gari ya waye dai kowa ya koma gona. Baba ya saurare shi har ƙarshe, bai ce uffan ba, sai ya juyo ya dube ni. Har gobe ina jin nauyin wannan kallo.

Kada mai karatu ya ɗauka na canza ra'ayi a kan addini. Ni Musulmi ne, shi Kirista, kowa ya san inda muka rabu, kuma na sani sarai abin da ya kawo 'yan mishan shi ne neman mabiya. Sai dai na ga 1982, na ga tarzomar Oktoban 1991 lokacin zuwan Reinhard Bonnke, kuma a kowace na lura cewa masu hura wutar, ta nan da ta can, galibi masu guntun karatu ne da dogon harshe. A yau da lasifika da wayar hannu suka sa kowa ya zama mai wa'azi, na fi fahimtar abin da ya sa tela ya damu da karatun fasto.

Bashin kwat kuwa da dawa aka biya shi, kwano-kwano duk kaka, har Baba ya ja layi a kan sunan. Bayan rasuwar Baba ƙanena ya riƙe shagon. Kwanakin baya ya kira ni ya ce in zo in ga wani abu. Na tarar da wani saurayi zaune a kan benci da leda a cinya. Jikan mutuminmu ne, shi ma yana gab da gama makarantar tauhidi, ya kawo kwat ɗin kakansa a rage masa don ranar yaye su. Ya ce yanzu taimakon waje ya ja baya, 'yan zumuntar matan cocinsu ne suka riƙa biya masa kuɗin makaranta da kuɗin gyaɗa.

Na karɓi kwat ɗin na juya ta. Shafin ciki ya mutu, amma ɗinkin Baba yana nan daram, maɓallan da na sa da hannuna saura biyu. Saurayin ya ce, "Baba, nawa za a ba da?" Ƙanena ya dube ni, na dube shi, sai ya miƙa hannu ya jawo littafin bashi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu malamai masu sanin abin da suke faɗa, Ya zaunar da Kano lafiya.